Wanda Ya Harba da Wanda Ya Yi Lodi: Alhakin Iyalan da Suka Nutse a Jiragen Fasinja Lokacin Yaƙi

A daren 17 ga Satumba 1940, jirgin ruwan City of Benares ya kwana huɗu da barin Liverpool, ya doshi Kanada. A cikinsa akwai yara 90 da gwamnatin Birtaniya ta kwaso daga garuruwan da Jamus ke yi wa ruwan bama-bamai. Biyar daga cikinsu 'yan ɗaki ɗaya ne, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda bam ya rushe gidansu a kudancin Landan kwanaki kaɗan kafin tafiyar. Jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus, U-48, ya harba masa tofido, wato makamin nan da ke gudu a ƙarƙashin ruwa ya fashe a cikin jirgi, ya same shi ta baya, daidai ƙasan ɗakunan da yaran ke kwance. Cikin kusan rabin awa jirgin ya nutse. Yara 77 cikin 90 suka rasu, har da 'yan gidan nan biyar duka.

Idan ana ba da irin wannan labari, yatsa ɗaya ake nunawa, kuma inda ake nunawar daidai ne: wanda ya harba ya kashe. Sai dai a ganina an bar rabin shari'ar ba a yi ba. Akwai wanda ya yanke shawarar zuba yara a jirgi mai fentin toka irin na yaƙi, ba wata alama a jikinsa, ya sa shi a sahun gaba na ayarin jiragen kaya. Akwai wanda ya janye jiragen yaƙin da ke rakiyar ayarin a ranar da abin ya faru, don su je su taro wani ayari. Akwai kuma wanda ya kafa dokar cewa sauran jirage kada su tsaya ceto. Waɗannan mutane suna zaune a ofis a kan tudu, ba a taɓa gurfanar da ko ɗayansu ba, kuma har yau dokar duniya ta fi sassauta musu fiye da yadda ya kamata.

Doka ta tsohuwar al'adar teku a fili take. Jirgin yaƙi zai tare jirgin kasuwa, ya bincike shi, in zai nutsar da shi sai ya fara kai mutanen ciki inda za su tsira. Yarjejeniyar Landan ta 1930 da ƙa'idar da aka sake sa wa hannu a 1936 sun ɗora wannan a kan jiragen ƙarƙashin ruwa ma, har suka fayyace cewa kwale-kwalen ceto ba a lissafa shi wurin tsira sai in teku a kwance yake kuma akwai tudu ko wani jirgi a kusa. Jamus ta amince da wannan. Amma ranar da Birtaniya ta shiga yaƙi, 3 ga Satumba 1939, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus U-30 ya nutsar da jirgin fasinja Athenia ba gargaɗi, mutum sama da 110 suka mutu. Dalilin rushewar dokar ba ɓoyayye ba ne. Jirgin ƙarƙashin ruwa idan ya taso sama ba shi da ƙwari, harbi ɗaya na igwa ya isa ya huda shi. Da aka fara ɗora wa jiragen kasuwa bindigogi, aka umarce su su sanar da rediyo da zarar sun hango abokin gaba, su kuma take shi in sun samu dama, sai kwamandoji suka daina tasowa. Kowane ɓangare ya ɗauki matakin da ya ga zai fisshe shi, fasinja ne aka bari a tsakiya.

Masu cewa ai akwai kwale-kwalen ceto ya kamata su duba abin da ya faru da jirgin fasinjan Birtaniya Lusitania ranar 7 ga Mayu 1915, don a nan ne ake ganin yadda nutsewa ke cinye iyali. Rana tsaka ce, teku a kwance, gaɓar Ailan na nan kamar kilomita 18, ana hango ta. Jirgin yana da kwale-kwale 48, sun isa kowa da kowa. Tofido ɗaya jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus U-20 ya harba, sai wata fashewa ta biyu ta biyo baya daga cikin jirgin. Minti 18 kacal ya ɗauka ya nutse, kwale-kwale 6 ne suka sauka lafiya, mutum kusan 1,200 suka mutu.

Abu na farko da ya ɓata lissafi shi ne karkata. Rumbunan kwal na jirgin a tsaye suke a gefe da gefe, ruwa ya cika na dama, jirgin ya kwanta ta dama nan take. Kwale-kwalen da ke ɓangaren hagu, wanda ya ɗaga sama, sai suka lilo zuwa cikin jirgi, wasu suka faɗa kan mutanen da ke tsaye, waɗanda aka tura waje kuma suka riƙa gogar ƙusoshin jikin jirgin suna farkewa. Na ɓangaren dama suka lilo waje, suka bar rata tsakaninsu da bakin jirgi. Namiji mai ƙarfi zai iya tsallake wannan rata. Mace mai goyo da yaro a hannu ba za ta iya ba. Abu na biyu shi ne gudu. Jirgin yana tafiyar kusan kilomita 33 a awa, tururin injin ya zube, ba damar ja da baya a tsayar da shi, kuma kwale-kwalen da aka sauke a ruwa jirgi na tafiya kifewa yake yi. Na uku wuta ce: lantarki ya ɗauke, lungunan ciki suka yi duhu. Kwale-kwale kuwa igiya biyu ke riƙe da shi, gaba da baya, dole a sassauta su tare. In ɗaya ta riga ɗaya, sai ya tsaya a tsaye ya zazzage mutane cikin ruwa. Wannan aiki ne na ƙwararru, kuma yaƙi ya riga ya kwashe ƙwararrun ma'aikata da yawa zuwa rundunar ruwa.

A cikin wannan minti 18 ne ake gane dalilin da ya sa gida guda ke ƙarewa. Wanda ke tafiya shi kaɗai da ya ji ƙara sai ya nufi sama. Uwa kuwa ƙasa take nufa, inda ta bar jariri yana barci. Uba yana neman uwa, babban yaro yana neman ƙannensa, kowa ya ƙi shiga kwale-kwale sai an cika. Wani magidanci da ya taso daga Filadelfiya ya rasu a Lusitania da matarsa da 'ya'yansu shida da mai renonsu, ba wanda ya fita. Sannan ruwan sanyi ba ya raba mutuwa daidai. Minti na farko numfashi ke ƙwacewa, mutum ya shaƙi ruwa ba da sonsa ba. Daga minti goma zuwa talatin hannuwa su sandare, abin da aka riƙe ya kuɓuce, ko katako ne ko yaro. Ƙaramin yaro kuma zafin jikinsa ya fi saurin zubewa, don fatarsa tana da yawa in an gwada da nauyinsa.

Lusitania tana ɗauke da harsashin bindiga sama da miliyan 4 a cikin akwatuna kusan 4,200, da kwanson harsasan igwa, duk za a kai wa sojan Birtaniya. Dokar Amurka ta lokacin ta halatta wannan lodi. Bai wanke Walther Schwieger, kwamandan U-20, ba, domin bai san abin da ke cikin rumbun ba lokacin da ya harba, ya dai ga ƙaton jirgin fasinja ya sake masa makami. Amma uwar da ta sayi tikiti ba wanda ya zaunar da ita ya ce mata harsasai na ƙarƙashin gadon ɗanta. Kwamitin binciken Birtaniya da Lord Mersey ya jagoranta ya ɗora laifin kacokan a kan Jamus, ya wuce.

Inda cakuɗa farar hula da soja ya kai maƙura shi ne jirgin ruwan Jamus Wilhelm Gustloff, ranar 30 ga Janairu 1945. An ƙera jirgin don mutum ƙasa da 2,000. Ranar da ya bar tashar Gotenhafen, wadda yau ake kira Gdynia a Folan, an ƙiyasta mutum sama da 10,000 a cikinsa, yawancinsu mata da yara masu gudun sojan Tarayyar Sobiyet. Masu rajista sun rubuta suna har suka daina, mutane na ta shiga. Tare da su akwai sojan ruwa sama da 900 masu koyon aikin jirgin ƙarƙashin ruwa, da mata 373 ma'aikatan rundunar ruwa, da sojoji masu rauni, ga bindigogin kakkaɓo jirgin sama a kansa. Da wannan, jirgin ya zama halastaccen abin hari a dokar yaƙi, kuma waɗanda suka yi lodin sun san haka.

Kurakuran daren suna da yawa. Kyaftin huɗu ne a jirgin, ra'ayinsu bai zo ɗaya ba. Aka bi hanyar zurfi maimakon bin gaɓa inda jirgin ƙarƙashin ruwa ba zai sake ba. Rakiyar ta rage ƙaramin jirgin yaƙi guda, Löwe. Da saƙo ya zo cewa wasu jiragen share nakiya na tahowa, sai aka kunna fitilun gefe don gudun karo, wanda ya sa jirgin ƙarƙashin ruwa na Sobiyet S-13, ƙarƙashin kwamanda Alexander Marinesko, ya gan shi sarai. Tofido uku suka same shi. Na farko ya bugi gaba, aka rufe ƙofofin tare ruwa, aka kulle ma'aikatan da ke hutu a can, alhali su ne suka iya sauke kwale-kwale. Na biyu ya faɗa wurin wankan da aka zubar wa ruwa aka kwantar da matan rundunar. Na uku ya kashe injin da wuta. A sama kuwa sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifiri, ƙanƙara ta daskarar da igiyoyi da ƙarafan da ke rataye da kwale-kwale, sai da aka riƙa sara da gatari. Rigunan ceton na manya ne. Yaron da aka saka wa, rigar ta fi ɗaga ƙugunsa, sai ya kife, kai a ruwa ƙafafu a sama. Mutum kusan 1,250 aka ceto. Kimanin 9,000 suka tafi, asarar rai mafi girma da jirgi guda ya taɓa yi a tarihi. Kafin yaƙin ya ƙare, jiragen Steuben da Goya sun bi sahunsa a Tekun Baltik, kowanne da dubbai.

Za a ce: to da me za a yi? Abokin gaba na bakin gari, jirage kaɗan ne, wa ke da lokacin ware soja daban, goyo daban? Wannan hujja tana da nauyi, kuma gaskiya ne cewa kwashe mutanen da aka yi ta Baltik ya tserar da ɗaruruwan dubbai. Amma gaggawar ba daga sama ta faɗo ba. Shugabannin jam'iyyar Nazi a Gabashin Furushiya sun hana farar hula tashi da wuri, suna kiran hakan karaya, sai da gari ya ƙure. Kuma ko a ranar, sojan ruwan nan 900 aka fara tanadar wa wuri, 'yan gudun hijira cika gurbi suka yi. Wanda ya jinkirta kwashe mutane har lokaci ya ƙure ba shi da bakin kafa hujja da ƙurewar lokaci.

Akwai hanyar da doka ta tanada: a sanar da abokin gaba sunan jirgi da hanyarsa da ranarsa, a yi masa alama, a kunna masa fitila, a ba shi izinin wucewa. Ita ma ta taɓa ɓaci, kuma yadda ta ɓaci darasi ne. Amurka ta ba jirgin Japan Awa Maru irin wannan izini a 1945 saboda ya kai kayan agaji ga fursunonin yaƙi. Daren 1 ga Afrilu, cikin hazo, jirgin ƙarƙashin ruwa na Amurka Queenfish ya gan shi a na'urar rada kawai, ya ɗauka jirgin yaƙi ne, ya harba ba tare da ya gan shi da ido ba. Saƙonnin farko masu cikakken bayani ba su kai ga idon kwamandan ba. Mutum kusan 2,000 suka mutu, ɗaya ya tsira. An gurfanar da kwamandan a kotun soja, hukuncin ya tsaya a takardar gargaɗi. Japan kuma a nata ɓangaren ta cika jirgin da roba da kuza don masana'antun yaƙi. Abin da wannan ke nunawa shi ne izinin wucewa yana buƙatar abu biyu da ba a yi ba: tabbacin cewa kowane kwamanda a yankin ya karɓi saƙon ya amsa, da ɗan ba-ruwanmu da zai tsaya a tasha ya ga abin da ake lodawa.

Da yawa daga cikin mamatan nan fashewa ba ta taɓa su ba, jira ne ya kashe su. Tun Satumba 1914, da jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus U-9 ya nutsar da jiragen yaƙin Birtaniya uku a jere, biyu daga ciki saboda sun tsaya ɗaukar mutanen na farko, aka kafa dokar cewa babban jirgi ba ya tsayawa ceto inda ake zaton maƙiyi. Dokar tana da ma'ana a soja. Amma wanda ya kafa ta wajibi ne ya tanadi wani abu a madadinta, wato ƙaramin jirgi a ƙarshen ayari wanda aikinsa kawai tsamo mutane. Ayarin City of Benares ba shi da shi. Sauran jiragen suka watse, yaran suka kwana a kwale-kwalen da ruwa ya cika har ƙugu, cikin iska mai ƙarfi, da yawansu da kayan barci, don a daren ne aka sassauta musu dokar kwana da cikakkun tufafi bisa zaton an wuce haɗari. Jirgin yaƙi Hurricane bai iso ba sai washegari. Da ya iso kuma ya ƙirga kwale-kwale, sai ya haɗa da guda na wani jirgin da aka nutsar a daren, ya ga lissafi ya cika, ya juya. Kwale-kwale mai lamba 12 ya yi kwana takwas a teku da mutum sama da 40 kafin jirgin sama ya hango shi.

Haka aka yi da jirgin Japan Tsushima Maru ranar 22 ga Agusta 1944. Tsohon jirgin kaya ne da ya sauke sojoji a Naha, babban birnin Okinawa, aka juyo da shi cike da 'yan makarantar Okinawa. Jirgin ƙarƙashin ruwa na Amurka Bowfin ya nutsar da shi, jiragen rakiya suka wuce abinsu. Yara kusan 780 suka mutu, waɗanda suka tsira ba su kai 60 ba. Aka kuma hana waɗanda suka tsira buɗe baki, iyaye suka yi ta jiran wasiƙar 'ya'yan da ke ƙasan teku.

Wanda ya yi yunƙurin ceto ma ya ga sakamako. A Satumba 1942, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus U-156 ya nutsar da jirgin Birtaniya Laconia a Tekun Atilantika, yamma da Afirka, da mutum kusan 2,700, ciki har da fursunonin Italiya da mata da yara. Kwamandan, Werner Hartenstein, ya taso ya fara tsamo mutane, ya aika saƙon rediyo a fili cewa ba zai taɓa duk wanda ya zo taimako ba, ya shimfiɗa tutar Red Cross. Ranar 16 ga wata jirgin saman Amurka daga tsibirin Ascension ya jefa masa bam yana jan kwale-kwale cike da mutane. Washegari Karl Dönitz, shugaban rundunar jiragen ƙarƙashin ruwa ta Jamus, ya ba da umarnin hana ceto gaba ɗaya. A shari'ar Nuremberg da aka yi wa shugabannin Jamus bayan yaƙi, Admiral Nimitz na rundunar ruwan Amurka ya ba da shaida a rubuce cewa Amurka ma tun ranar farko take nutsar da jiragen Japan ba gargaɗi, don haka kotu ba ta gina hukuncin Dönitz na shekara 10 a kan karya dokar jiragen ƙarƙashin ruwa ba. Laifi tudu ne. Tunda kowa ya taka nasa, sai aka bar maganar a nan, kuma wannan shiru ne ya sa har yau ba mu da hukunci ɗaya tsayayye kan nutsar da jirgin fasinja ba gargaɗi da za a kafa hujja da shi.

Mu ma hanyar ruwanmu ta sha wannan. Jiragen kamfanin Elder Dempster su ne ke haɗa Legas da Liverpool a zamanin mulkin mallaka. An nutsar da Falaba a Maris 1915 tana hanyar Afirka ta Yamma, mutum 104 suka mutu. An nutsar da Apapa a Nuwamba 1917 ta taso daga Legas, saura ƙiris ta isa, mutum 77 suka mutu. A irin waɗannan jirage 'yan Afirka ta Yamma ne ke zuba kwal a ƙasan jirgi, wurin da tofido ke fara bugawa kuma fita ta fi wuya. Iyali ba sai yana cikin jirgi yake nutsewa ba. Gidan da mai ciyar da shi ya tafi ba gawa, ba kabari, ba takarda, shi ma ya nutse. Kuma ga mace musulma ko wadda ke ƙarƙashin kowace doka, rashin tabbacin mutuwa yana riƙe takaba da gado da sake aure shekara da shekaru. Shi ya sa rajistar fasinja ba aikin ofis kawai ba ce. Kwafinta ya kamata ya zauna a tudu kafin a kwance igiya.

Bayan yaƙi an gyara wasu abubuwa. Yarjejeniyar Janeba ta biyu ta 1949, sashe na 18, ta wajabta neman waɗanda jirgi ya nutse da su bayan kowace arangama. Dokar kiyaye rai a teku ta SOLAS ta ce dole a iya sauke kwale-kwale ko jirgi ya karkata digiri 20, a kwashe kowa cikin minti 30, a tanadi rigunan ceto na yara da na jarirai. Sai dai SOLAS ta cire jiragen yaƙi da na jigilar soja daga hukuncinta, don haka da gwamnati ta karɓe jirgin fasinja ta mai da shi na soja, ya fita daga inuwarta. Ƙarin yarjejeniyar Janeba na 1977 ya ce a nisanta farar hula daga wuraren soja, amma sashen an tsara shi ne don mutanen da ke tudu. Kundin San Remo na 1994 shi ne ya faɗi maganar ƙarara, cewa jirgin fasinja ba a kai masa hari muddin farar hula zalla ya ɗauko. Kundin kuwa aikin masana ne, ba yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu ba. Kuma kalmar zalla ɗin nan tana nufin akwati goma na harsashi sun isa su tuɓe wa yara dubu kariya, ba tare da wanda ya loda akwatunan ya aikata wani laifi mai suna ba.

Wannan gurbin nake ganin ya kamata a cike da yarjejeniya mai ɗaure ƙasashe. Loda makamai ko sojoji masu lafiya a jirgin da ke kwashe farar hula ya zama laifin yaƙi mai zaman kansa, a tuhumi jami'in da ya sa hannu a takardar lodi kamar yadda ake tuhumar wanda ya harba. Harbi bisa hoton rada kaɗai, a hanyar da aka san farar hula na bi, ya zama haramun. Duk ayarin da ke ɗauke da yara ya tafi da jirgin ceto nasa. Kuma ƙasar da ta ƙi buɗe tasha ga jirgin 'yan gudun hijira ta ɗauki kasonta, don Struma, jirgin 'yan gudun hijira Yahudawa, ta yi sati goma a Santambul, Turkiyya ta hana sauka, Birtaniya ta hana shiga Falasɗinu, aka ja ta zuwa Bahar Aswad ba inji mai aiki, jirgin Sobiyet ya nutsar da ita ranar 24 ga Fabrairu 1942 da Yahudawa kusan 780, mutum ɗaya ya rayu.

A Maris 2017 an buɗe wuta a kan wani jirgi ɗauke da 'yan gudun hijirar Somaliya a kusa da tashar Hudaida ta Yaman, suna neman tsallaka Bahar Maliya zuwa Sudan. Sama da mutum 40 suka mutu, da mata da yara, wasu da takardun hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a jikinsu. Ba ɓangaren da ya amsa cewa shi ya yi harbin.